Yadda ake auna kwamfireshan na injin mota kafin a kwance shi

Mota ta rage ja, tana karkarwa a silo (wato inji yana aiki ba a taka totur ba), ko tana shan baƙin mai, sai ka ji an yanke hukunci daga jin ƙara kawai: "Inji ya gaji, sai an yi ringi." Wani lokaci a dace, sau da yawa kuma a sauke inji, a sayi ringi da gasket da metal (faifan ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansu), a ɗaura, matsalar tana nan daram, domin tun farko bawul ɗaya ne ya ƙone ko kwal ɗaya, mai ba fulogi wuta, ne ya mutu. Awon kwamfireshan aiki ne da bai wuce minti 30 zuwa 45 ba a injin fetur mai silinda huɗu, kuma shi ne yake raba gardama tsakanin ciwon da ke cikin inji da wanda ke wajensa.

Abin da ake aunawa shi ne iya matsin da fistan yake yi wa iska idan ya taso sama alhali bawul ɗin shiga da na fita duk suna rufe. Abubuwa uku ne suke tsare wannan iska kada ta gudu: ringin da ke jikin fistan, bawuloli da mazauninsu, sai gasket ɗin da ke tsakanin bulok, wato gangar jikin inji, da top silinda, wato kan injin da bawuloli ke ciki. Duk inda aka samu yoyo a cikin ukun nan, lambar da geji zai nuna za ta sauka. Shi ya sa awon yake da amfani idan inji yana mis, wato wata silinda ba ta ƙona mai daidai, kuma an canja fulogi da kwal bai daina ba, ko na'urar bincike ta nuna lambar mis irin P0301 zuwa P0304 tana dawowa kan silinda ɗaya, ko bayan mota ta tafasa, ko za ka sayi mota ta hannu.

Kayan aiki

Gejin kwamfireshan iri biyu ne. Akwai mai bakin roba wanda ake dannawa a ramin fulogi da ƙarfin hannu, akwai kuma mai tiyo da ake ɗaurewa a tiredin fulogi, wato zaren da ake murɗa fulogi a ciki. Ka nemi mai ɗaurewa. Mai bakin roban nan yana zubar da iska ta gefe idan hannu ya ɗan karkace, kuma a injinan yanzu da fulogi ke can cikin rami mai zurfi ba ya ma kaiwa. Gejin injin fetur yakan kai 300 psi, wato ma'aunin matsin iska. Wasu an rubuta su da bar ko kPa: bar 1 daidai yake da 100 kPa, wato kusan 14.5 psi. Ka duba bakunan da suka zo da shi, domin yawancin motoci tiredin fuloginsu 14mm ne, sababbi da yawa 12mm, babura kuma 10mm ko 12mm.

Sai soket ɗin fulogi, 16mm a mafi yawan motoci, 21mm a tsofaffi, 14mm a wasu sababbi, da dogon hannunsa. Sai sirinji ko ƙaramin gwangwanin mai mai dogon baki, da baƙin mai mai tsabta kaɗan, da iskar kwamfuresa ko famfon hannu na hurawa, da takarda da biro. Sai mutum na biyu da zai zauna a kujerar direba, domin mai awo idonsa yana kan allurar geji ne, ba zai iya murɗa makulli ba.

Batir shi ne abin da aka fi rainawa a wannan aiki, kuma shi ya fi ɓata sakamako. Cikakken batir yana nuna wajen 12.6V a zaune, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6V ba lokacin da kik, wato abin da ke juya inji wajen tayarwa, yake juyawa. Idan batir ya yi sanyi, silinda ta farko za ta samu juyi mai ƙarfi, ta huɗu ta samu na gajiya, sai ka ga lambobi suna sauka a jere ka ɗauka inji ne. In kana shakka, ka haɗa wani batir da wayar jamfa tun daga farko har ƙarshe.

Shirya inji

Ana awo ne inji yana da ɗumi, saboda a lokacin ne fistan da ringi suka buɗe suka cika ramin silinda kamar yadda suke a kan hanya, kuma lambobin da kamfani ya rubuta a littafin gyara na inji mai ɗumi ne. Amma akwai tarko a nan. Top silinda na yawancin motocin yau alminiyam ne, fulogi kuwa ƙarfe, kuma kwance fulogin da ya daɗe a ɗaure daga alminiyam mai zafi yana iya fitowa da tiredin gaba ɗaya. Dabarar ita ce tun inji yana sanyi ka sassauta kowane fulogi kamar rabin juyi, ka sake ɗaure shi daidai wa daida, sannan ka tayar da mota ta yi minti 10 zuwa 15 har allurar zafi ta hau inda ta saba tsayawa. Wannan yana da amfani na biyu: ɓarɓashin gawayin da ya ɓantare daga bakin fulogi lokacin da ka sassauta shi zai ƙone ya fita ta salansa, maimakon ya maƙale a ƙarƙashin bawul ya ba ka lambar ƙarya. Ka kashe mota, ka bar ta ta huce kamar minti 10.

Idan motar ba ta tashi sam, a auna ta a sanyi. Lambobin za su ɗan yi ƙasa, amma bambancin da ke tsakanin silinda zai fito, kuma shi ake nema.

Ka ja hambirki, giya a firi ko a P. Yanzu sai a yanke abu biyu, wuta da mai, kuma kada a tsallake ko ɗaya. A motar da kowace silinda ke da kwal ɗinta a kan fulogi, ka zare soket ɗin wayar kowane kwal, ka kwance ƙaramin noti mai riƙe shi, yawanci 10mm, ka ciro su ka jera yadda suke. A mai distiributa, ka zare soket ɗin da ke kawo wa kwal ko distiributa wuta. Barin wayoyin fulogi suna lilo kwal yana aiki kuskure ne: wutar ba ta da inda za ta sauka, tana iya ƙona kwal ko abin da ke kunna shi, kuma tartsatsi kusa da tururin fetur ba abin wasa ba ne. In wayoyi ne, ka sa musu lamba kafin ka zare. Silinda ta 1 a mafi yawan injina tana ɓangaren da taimin bel ko cen yake.

Mai kuma, hanya mafi tabbas ita ce zare soket ɗin kowace nozul, wato abin da ke fesa fetur. In ba sa kamuwa da sauƙi, ka cire fiyus ko rilen famfon mai tun mota tana aiki, ka bar ta ta mutu da kanta, ta ƙone abin da ya rage a layi. A Toyota da yawa cire fiyus mai rubutun EFI yana yanke duka biyun, sai dai a wasu motoci masu maɓallin tayarwa kwamfutar ce ke ba kik umarni, in ka yanke mata wuta kik ba zai motsa ba. A irinsu nozul za ka zare. Dalilin yanke mai shi ne fetur ɗin da nozul ke fesawa yana wanke man da ke jikin silinda, matsi ya ragu, sauran ya gangara cikin baƙin mai, wani kuma ya feso ta ramin fulogi a fuskar mai awo.

Kafin ka zare fulogi, ka hura iska a ramukan. Ƙasa da yashin da suka taru a can, musamman bayan hunturu, cikin silinda za su zuba kai tsaye. In ka tarar da baƙin mai kwance a ramin, robar murfin bawul ce ta mutu. Ka tsane shi da tsumma tukuna, don in ya gangara ciki zai ɗaga lambar wannan silinda. Sannan ka cire fulogi dukansu, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Inji yana juyawa da sauri iri ɗaya ne kawai idan duk ramukan suna buɗe, kuma yoyon gasket tsakanin silinda biyu ya fi fitowa fili idan maƙwabciyar a buɗe take. Ka jera fulogin bisa lambar silinda, kada ka zuba su wuri ɗaya. Wanda ya yi baƙi da danshin mai, wanda ya yi fari fes kamar an wanke shi alhali sauran suna da launin ƙasa, duk shaida ce da za ka haɗa da lambobin daga baya. Fulogin da ya fi sauran tsabta sau da yawa ruwan lagireto ne yake shiga silindarsa.

Awon kansa

Ka ɗaura tiyon geji a silinda ta 1 da hannu kawai, har ka ji robar bakinsa ta zauna. Ba a sa masa sifana. In kana amfani da ƙarin baki, ka ɗaure shi da tiyon sosai fiye da yadda za ka ɗaure shi a inji, in ba haka ba wajen kwancewa tiyon zai fito ya bar bakin a can ƙasan rami, ka shiga wani aikin. Ka kuma gwada tsawon tiredinsa da na fulogin da ka cire. Wanda ya fi fulogi tsawo yana iya haɗuwa da fistan.

Na cikin mota ya take totur har ƙasa ya riƙe. Idan totur a rufe yake, inji ba ya samun iskar da zai matsa, lambobi duka su sauka. A motoci masu totur na lantarki, taka feda ba lallai ya buɗe murfin ba idan an yanke wa kwamfuta wuta. Kada ka tura shi da yatsa ko ka cusa masa sukundireba, yana iya lalata giyar cikinsa. Ka auna duka silindar a yanayi ɗaya, shi ke nan.

Sai ya murɗa makulli. Za ka ji inji yana juyawa da sauƙi, da wani nauyi sau ɗaya a kowane zagaye biyu na karanshaf, daidai lokacin da allura take tsalle. Ka ƙirga tsallen. Biyar zuwa shida sun isa, ko har allura ta daina hawa, kuma adadin da ka ba silinda ta farko shi za ka ba sauran. Kada kik ya wuce daƙiƙa 10 yana juyawa a jere, ka ba shi hutu tsakani.

Lamba biyu za ka rubuta wa kowace silinda: inda allura ta kai a tsallen farko, da inda ta tsaya a ƙarshe. Mutane da yawa ta ƙarshe kawai suke kallo, alhali ta farkon tana da nata labarin. A lafiyayyar silinda tsallen farko yakan kai rabin lambar ƙarshe ko fiye, misali 100 sannan 140, 165, 180, ta tsaya. Idan ringi ya ci, tsallen farko yakan yi rauni, kamar 50, sai allura ta riƙa hawa a hankali har ta kai wani abu mai ɗan dama. Idan bawul ne ke yoyo, tana farawa ƙasa ta kuma tsaya ƙasa, ko ka ƙara bugu ba ta ƙara komai. Ka danna maɓallin sakin iska allura ta koma sifili, ka wuce silinda ta gaba. Duk wadda ta ba da lambar da ba ka gamsu da ita ba, ka sake ɗaura geji ka maimaita kafin ka yarda. Bayan ka gama da ta ƙarshe ka koma ta 1; in ta sauka sosai daga lambarta ta farko, batir ne ya gaji, a sake awon duka.

Shi ma gejin yana iya yin ƙarya. In allura tana hawa tana sulalowa da kanta, ɗan bawul ɗin da ke bakin tiyo ne ya yi datti ko ya mutu. Ya yi kama da bawul ɗin da ake hura wa taya iska ta cikinsa, amma sifirin ɗinsa ya fi laushi nesa ba kusa ba. In ka sa na taya a madadinsa geji zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya.

Karanta lambobin

Yawancin injinan fetur masu lafiya suna nuna tsakanin 140 da 200 psi, amma kowane inji da lambarsa. A ɗauki 2AZ-FE mai lita 2.4 da ke cikin Camry da yawa na shekarun 2002 zuwa 2011: Toyota ta sa kusan 198 psi a matsayin daidai, mafi ƙaranci kusan 142 psi, kuma bambanci tsakanin silinda kada ya wuce 100 kPa, wato 14 zuwa 15 psi. Inda babu littafi a hannu, ƙa'idar da aka saba bi ita ce mafi ƙanƙantar silinda kada ta gaza mafi girma da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Ƙasa da 100 psi a silindar fetur, da wuya ta ƙona mai yadda ya kamata a silo.

Lambar kanta ba ta kai bambancin muhimmanci ba, saboda abubuwa da yawa suna taɓa ta waɗanda ba ciwo ba ne: ingancin geji, tsawon tiyo, saurin kik, zafin inji, har da tudun gari. Iska tana raguwa da kusan kashi 3 zuwa 4 cikin 100 a kowace mita 300 da aka hau. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, don haka injin da ya nuna 180 a Legas zai iya nuna wajen 155 zuwa 160 a can, lafiyarsa ƙalau. Injin da ya ba da 150, 148, 152, 149 ya fi wanda ya ba da 190, 188, 150, 191 lafiya, ko da yake babu lambar da ta faɗi ƙasa da iyaka a na biyun. Na farko ya tsufa ne baki ɗaya, zai ci gaba da aiki sumul. Na biyu yana da ciwo a silinda ta 3, kuma ciwon ƙaruwa zai yi.

Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, kusan lamba ɗaya, misali 175, 70, 70, 178, gasket ne ya ƙone a siririn wurin da ya raba su, iska tana tsallakawa daga wannan zuwa waccan. Sau da yawa irin wannan ba ya haɗa ruwa da mai, shi ya sa ake ruɗewa a ce ai gasket lafiya lau tunda baƙin mai bai yi fari ba. Duka silinda sun yi ƙasa daidai da juna a injin da jiya yake lafiya, ka fara duba taimin, wato daidaiton lokacin buɗewa da rufewar bawul da tafiyar fistan, kafin komai. Bel ko cen da ya tsallake haƙori ɗaya ko biyu yana sa bawul ya rufe a makare, matsi ya zube a ko'ina. Duka sifili ko kusa da haka, kik yana gudu fiu ba nauyi, bel ya tsinke ke nan: ka buɗe murfin zuba mai ka leƙa ko kamshaf, sandar da ke buɗe bawuloli, yana juyawa. A injinan da fistan ke iya cimma bawul, tsinkewar bel takan lanƙwasa bawuloli, don haka bayan an sa sabo a sake awo kafin a ce an gama. Silinda ɗaya tak a sifili kuwa, ko bawul ya ƙone ya ɓalle, ko ya maƙale a buɗe, ko fistan ya huje.

Lamba ta wuce ƙa'ida ma ba abin murna ba ne. Gawayi ne ya taru a kan fistan ya rage fili, ko mai ko ruwa na shiga silindar, ko an taɓa share fuskar top silinda fiye da kima. Irin wannan inji yakan yi ƙarar ƙwanƙwasa a hawan tudu.

Awo da mai

Idan silinda ta yi ƙasa, mataki na gaba shi ne gano ta sama iskar ke gudu ko ta ƙasa. Ka zuba baƙin mai kamar cokalin shayi ɗaya zuwa biyu, 5ml zuwa 10ml, ta ramin fulogi, ka sa a juya inji sau biyu ko uku ba geji don man ya bazu a kewayen ringi, sannan ka ɗaura ka auna kamar da. Man yana toshe gibin da ke tsakanin ringi da jikin silinda na ɗan lokaci, kamar yadda ake jiƙa fatar famfon keke ta kama iska. In lamba ta yi tsalle sosai, daga 95 zuwa 150 misali, ringi ne ko jikin silinda ya ci. In ta tsaya inda take ko ta ƙaru da 5 zuwa 10 kawai, ringi ba shi da laifi, a nemi bawul ko gasket.

Yawan man yana da muhimmanci. Mai ba ya matsuwa, don haka in ka zuba da yawa ya cinye filin da ke saman fistan, lamba za ta hau ko da ringi sabo ne, ka ɗora wa ringi laifin da ba nasa ba. In ya yi yawa ƙwarai yana iya lanƙwasa kwanrod, ƙarfen da ya haɗa fistan da karanshaf. Ka auna da sirinji, kowace silinda adadi ɗaya. Yana da kyau ka yi wa lafiyayyar silinda ɗaya irin wannan awon, ka ga nawa mai kaɗai yake ƙarawa a wannan injin, sai ka kwatanta.

Idan alama ta nuna bawul, kada a yi saurin ɗaga top silinda. A injinan da ake saita bawul da hannu, kamar na Honda da yawa, gibin bawul ɗin fita yakan matse da tsufa har bawul ya daina zama sosai a mazauninsa. A auna gibin da filageji, wato siraran ƙarafan awon gibi, inji yana sanyi, a saita, a sake awo. Sau da yawa matsin yana dawowa in bawul bai riga ya ƙone ba. Motocin da aka mayar gas, CNG ko na girki, sun fi saurin wannan matsala, domin gas busasshe ne kuma mazaunin bawul ya fi saurin cinyewa da shi. Mai irin wannan mota ya riƙa duba gibin bawul a kai a kai.

Abin da awon ba ya gani

Fistan yana da ringi uku: biyu na sama na tsare matsi, na ƙasa na share mai daga jikin silinda. Awon kwamfireshan na saman kawai yake gwadawa. Ringin mai zai iya maƙalewa da gawayi, mota tana shan lita guda a 'yan ɗaruruwan kilomita, geji kuma ya nuna 185 a ko'ina, har ma man da ke tsallakowa ya taimaka wajen ɗaga lambar. Wannan sananne ne a 2AZ-FE na wajen 2007 zuwa 2009. Haka robobin wuyan bawul: in sun bushe mota za ta yi shuɗin hayaƙi da safe ko bayan ta daɗe a silo, geji ba zai ce komai ba. Ƙaramin yoyon gasket zuwa hanyar ruwa shi ma yakan ɓuya, domin sai inji ya yi zafi yana aiki yake buɗewa. Alamarsa kumfa a bakin lagireto, tiyon sama ya yi tauri da wuri, ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Metal da ke ƙara ko famfon baƙin mai da ya gaji, duk ba ruwan wannan awo da su.

Don a nuna wurin yoyo da yatsa, sai a yi awon hura iska. A juya karanshaf da hannu har fistan ɗin silindar ya kai ƙololuwa a bugun matsi, bawuloli duka a rufe, a hura iskar kwamfuresa 80 zuwa 100 psi ta ramin fulogi, a kasa kunne. Huci ta salansa, bawul ɗin fita. Ta bakin totur, bawul ɗin shiga. Ta murfin zuba mai ko ramin sandar awon mai, ringi, amma ɗan huci kaɗan a nan dole ne ko a sabon inji. Kumfa a lagireto, gasket ko tsagewar top silinda. Ta ramin fulogin maƙwabciya, gasket tsakaninsu. Na'urar wannan awo mai geji biyu tana nuna yoyon a kashi cikin 100: ƙasa da 10 inji mai kyau ne, zuwa 20 ana iya tafiya da shi, ya haura 30 akwai aiki. Ka cire sifana daga kan notin karanshaf kafin ka saki iska. In fistan bai tsaya daidai a ƙololuwa ba iskar za ta tura shi ƙasa da ƙarfi, sifanar ta wulwulo ta karya hannu.

Injin dizal wani babi ne. Matsinsa yakan kai 350 zuwa 450 psi ko fiye, gejin fetur ba zai ɗauka ba, sai nasa mai kaiwa 1,000 psi, kuma ta ramin hita, wato fulogin da ke ɗumama silinda kafin tayarwa, ko na nozul ake shiga. Ba a zuba masa mai don awo, saboda filin saman fistan ɗinsa ƙanƙani ne ƙwarai, kuma zafin matsin kaɗai ya isa ya kunna man. Motoci masu haɗa fetur da batir irin Prius kuma ba su da kik irin wanda aka sani. Sai da na'urar kwamfuta ake sa injinsu ya juya don awo.

Mai sayen injin Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka zai iya yin awon nan inji yana ƙasa, in akwai kik a jikinsa da filawil, wato faifai mai haƙora da kik ke juyawa: a tabbatar akwai mai a ciki, a kafe shi kada ya birkice, a haɗa batir kai tsaye. Injin da ya daɗe a ajiye silindarsa a bushe take, wani bawul ɗin ma ya ɗan yi tsatsa a mazauni, don haka lambobin farko sukan yi ƙasa su kuma bambanta. A zuba 5ml na mai a kowace silinda, a juya shi sosai, sannan a auna. Wadda ta ƙi tasowa bayan haka, a ɗauka da gaske take.

Wajen mayarwa, ka fara ɗaura kowane fulogi da yatsu ta dogon hannun soket, ba tare da sifana ba, har ya shiga juyi da yawa sumul. In ya yi tauri tun farko ya hau tiredi a karkace, ka warware ka sake. Fulogi 14mm a top silinda na alminiyam yana son 18 zuwa 25 Nm gwargwadon mota. In babu sifanar awo, sabon fulogi mai zoben ƙarfe a gindin tiredinsa ana ƙara masa kamar rabin juyi bayan ya zauna, wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa ɗan kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas na juyi. Ka mayar da kwal, soket ɗin nozul da fiyus, ka buɗe makulli sau biyu ko uku ba tare da kik ba don famfo ya cika layi. In ka yi awo da mai, mota za ta yi shuɗin hayaƙi na 'yan mintoci, zai wuce. Fitilar inji tana iya kamawa saboda soket ɗin da aka zare; a goge lambobin da na'ura, a yi tafiya, a ga wacce za ta dawo. Takardar lambobin kuma a rubuta mata kwanan wata da kilomitar mota a ajiye cikin takardun motar, domin awon da za a yi nan gaba da ita za a kwatanta shi.